Tsumburbura a Zauren Karatu: Me Ya Sa Ake Tsoron Tarihin Dala?

Yaron da ya tashi a Gumel ko Maigatari a yau zai iya siffanta ɗakin bautar mabiya addinin Hindu ko da bai taɓa wuce Kano ba. Ya san ƙararrawar da ake kaɗawa a bakin ƙofa, ya san faranti mai fitila da furanni, ya san jan ɗigon da ake sawa a goshi, domin finafinan Indiya sun fi shekara sittin suna shigowa ƙasar Hausa, tun daga allunan sinimomin Kano har zuwa masu fassarar Hausa da ake tura wa matasa a waya ranar kasuwar Alhamis ta Maigatari. Amma in aka tambaye shi wane ne Barbushe, ko me ake yi a gindin Dala kafin a gina masallacin farko a Kano, amsarsa ba za ta wuce jimla biyu ba, ta biyun ma a'uziyya ce.

Giɓin bai tsaya ga yara ba. Ɗalibin jami'a da ya nuna sha'awar rubuta kundi a kan bautar Hausawan dauri yakan sha tambaya daga dangi da abokai: ina ruwan Musulmi da tsafi? Wasu sukan sauya batu tun kafin su kai shi gaban malamin da zai duba aikin. Wannan tsoro yana da tushe, kuma za a zo kansa. Sai dai hasarar da yake jawowa ta fi kariyar da yake bayarwa, domin wanda bai san abin da Musulunci ya tarar a ƙasar Hausa ba, ba zai fahimci yadda Musuluncin ya kafu ba, balle ya gane abin da malaman jihadi suke nufi a rabin littattafansu.

Mafi yawan abin da aka sani game da wurin bautar Dala ya fito ne daga Tarihin Kano, littafin Larabci da aka tattara a ƙarshen ƙarni na 19. H. R. Palmer ya buga fassararsa ta Ingilishi a 1908, sannan aka mayar da shi Hausa a cikin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu a farkon shekarun 1930. Bisa bayanin littafin, Barbushe ya fito ne daga zuriyar wani baƙo mai suna Dala, wanda dutsen ya ci sunansa, kuma shi ya gaji sirrin bautar Tsumburbura. Wurin bautar itaciya ce da ake kira Shamus, an zagaye ta da gini, ba mai shiga sai Barbushe, wanda duk ya keta haddi kuwa mutuwa ce makomarsa. Barbushe ba ya saukowa daga kan dutse sai a ranakun biki. Idan lokacin ya ƙarato sai jama'a su taho daga gabas da yamma, kudu da arewa, maza da mata, wani da baƙin kare, wani da baƙar kaza, wani da baƙin bunsuru. Su haɗu a gindin Dala da maraice. In duhu ya yi sai ya fito da makaɗa, ya ja su zuwa wurin itaciyar, a yi yanka, ya shiga shi kaɗai, jama'a na kewaye wurin har gari ya waye. Daga nan ya fito ya faɗa musu abin da shekara za ta zo da shi.

Duk wani ginshiƙi na wurin ziyarar ibada yana cikin wannan hoto: keɓaɓɓen wuri, da mai tsaronsa na gado, da lokaci ƙayyadadde, da tafiya daga nesa, da hadaya, da kewayawa. Akwai kuma wani abu da mai karatu da gaggawa kan tsallake. Marubucin ya kira ranakun bikin da sunan Idi, ya kira daren taron jajibere, alhali mutanen Barbushe ba su san Idi ba. Malami ne Musulmi yake auna tsohuwar al'ada da ma'aunin kalandarsa don mai karatunsa ya gane. Haka ma duban da aka jingina wa Barbushe, cewa wani baƙo zai zo da runduna ya mallake su, a gina masallaci, ya yi kama da labarin da aka gyara bayan an ga ƙarshensa. Wannan bai rage wa littafin daraja ba. Yana nuna wa ɗalibi inda zai sa ido ne kawai.

Muhimmancin Dala ga mutanensa ya wuce yanka da duba. Tarihin Kano ya lissafa manyan da ke ƙarƙashin Barbushe, kowanne da mazauninsa, daga Goron Dutse zuwa Magwan da Fanisau, ya kuma ambaci masu sana'o'i: maƙeri, da mai narka tama, da mai magani, da mai dafa giya, da mai gadin gari da dare, da mai kula da ruwa. Binciken tono ya gano wurin narka ƙarfe a kusa da dutsen wanda aka ƙiyasta shekarunsa zuwa wajen ƙarni na 7 na Miladiyya, wato ƙarnuka kafin Bagauda, wanda ake sa farkon mulkinsa a 999. Ke nan kafin a sami sarki, kafin Gijimasu ya fara ganuwa, abin da ya ɗaure waɗannan tsirarun unguwanni ya mai da su jama'a ɗaya shi ne haɗuwar da suke yi a gindin Dala. Taron ibada ya riga birnin zuwa. Wanda ya cire Tsumburbura daga labarin kafuwar Kano ya cire amsar tambayar me ya sa aka taru a nan ba a wani wuri ba.

Yadda bautar ta ƙare ya fi farkonta koyarwa. Sarki Tsamiya (1307–1343) ya yaƙi masu tsafin ya rushe ginin da ya kewaye itaciyar. A zamanin Yaji (1349–1385), in ji littafin, Wangarawa suka zo daga Mali ƙarƙashin Abdurrahman Zaite, aka yi masallaci a ƙarƙashin itaciyar, masu adawa kuma suna zuwa da dare suna ƙazantar da shi. (Wani rubutu na daban, Asalin Wangarawa na tsakiyar ƙarni na 17, ya kai zuwan nasu zamanin Rumfa, masana kuma sun daɗe suna muhawara a kan wanne ya fi inganci.) Mai zaton an gama a nan sai ya ci karo da Kanajeji (1390–1410), ɗan Yaji na cikinsa. Da Zazzau ta ci shi da yaƙi, sai ya koma wurin masu tsibiri ya nemi shawara, suka ce ya raya abin da kakanninsa suka rushe. Ya saro reshen itaciyar aka sassaƙa masa ganguna da shi, ya kashe jan macijin da ya tarar a wurin aka yi masa huffi da fatarsa, ya koma fagen fama ya yi nasara. Ɗan sarkin da ya karɓi Wangarawa ke nan. Sai a zamanin Muhammadu Rumfa (1463–1499), lokacin da Shaihu Magili ya sauka Kano, aka sare itaciyar aka gina hasumiya a gurbinta.

Ko a nan ma ba a rufe babin ba. Daga zamanin Muhammadu Zaki (1582–1618) fadar Kano ta riƙe wani abu da ake kira Dirki, ƙunshi ne da aka naɗe da fatu, ana yi masa yankan shanu idan masifa ta taso. Alwali, sarkin Haɓe na ƙarshe, shi ya sa aka sare ƙunshin da gatura, sai ga Alƙur'ani a ciki. Jama'a suka ce masa za a fitar da shi daga ƙasar kamar yadda ya fitar da Littafin daga Dirki, ba a daɗe ba kuwa mayaƙan jihadi suka karɓe Kano, aka kashe shi a 1807. Da wuya a sami hoton da ya fi wannan bayyana halin addini a fadojin Hausa kafin jihadi: Alƙur'ani a tsakiya, fatun tsafi a kewaye, sarki da talaka kuma ba su ga saɓani a tsakani ba. Wannan shi ne gaurayen da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi ta suka a Nurul Albabi da Kitabul Farƙi. Ɗalibin da ya haddace sukar bai san Dirki ba, ya riƙe hukunci ne bai ji ƙarar da aka shigar ba. Daga Tsamiya zuwa Alwali kusan shekara ɗari biyar ce, kuma a tsawonta ba baƙi ne suka zo suka tilasta wa Kanawa barin tsafi ba. Jikokin masu bautar ne da kansu suka yi ta ja, suna saki suna kamawa, har suka rabu da ita.

Darajar wannan tafiya ta sannu takan fito fili idan aka dubi ƙasar da finafinan nan suke fitowa. A birnin Banaras na jihar Uttar Pradesh, a gaɓar Kogin Ganga, akwai haikalin Bishwanat, ɗaya daga cikin wurare goma sha biyu mafiya tsarki ga masu bautar Shiba. Mabiya addinin Hindu sun yi imani cewa wanda ya mutu a wannan birni ya kuɓuta daga sake haihuwa, shi ya sa tsofaffi kan ƙaura can su jira ajalinsu. A 1669 sarkin daular Mugal, Aurangzeb, ya ba da umarnin rushe haikalin, aka gina masallacin Gyanbafi a wurin. Sarauniya Ahilyabai Holkar ta Indor ta gina sabo a gefensa a 1780, Ranjit Singh na Fanjab ya ba da zinaren da aka lulluɓe ƙubbarsa a 1835, a Disambar 2021 kuma Firayim Minista Narendra Modi ya buɗe faffaɗar harabar da ta haɗa shi da kogi. Masallacin yana nan jingine da haikalin, shari'a a kansa kuma tana kotu tun 1991. Kowa ya san inda irin wannan jayayya ta kai a Ayodiya, inda aka rushe masallacin Babri ranar 6 ga Disamba 1992, rikicin da ya biyo baya ya ci rayuka wajen dubu biyu.

Bambancin a bayyane yake. A Banaras an rushe gini, masu bauta suna nan da imaninsu, don haka rushewar ta zama miki da 'yan siyasa ke sosawa har yau. A Kano imanin ne ya fara barin zukata, itaciyar ta bi baya. Babu wata ƙungiya da ke neman a mayar mata da gurbin Shamus, babu kotun da ke sauraron ƙarar Tsumburbura. Tarihin Dala ba ya barazana ga masallacin kowa. Al'ummar da ta sami wannan sa'a ita ce ta fi cancantar ta karanta tarihinta da kwanciyar hankali, abin mamaki kuma ita ce ke kawar da kai.

Masu ƙyamar wannan nazari suna da hujja, bai kamata a raina ta ba. Sukan kawo labarin Zatu Anwaɗ, itaciyar da mushrikai ke rataya makamai a jikinta, wadda wasu sababbin shiga Musulunci suka roƙi Manzon Allah (SAW) ya sanya musu irinta a kan hanyar Hunaini, ya tsawatar musu. Sukan kawo abin da aka ruwaito cewa Sayyidina Umar ya sa an sare itaciyar da aka yi mubaya'a a ƙarƙashinta a Hudaibiyya da ya ji mutane na zuwa wurinta. Sukan ce boka da ɗan bori ba su ƙare ba, har yanzu ana wayar gari a ga ƙwarya da ƙwai a mararraba, saboda haka duk abin da zai ɗaukaka sunan tsohon tsafi taimako ne ga ɓarna. Gaskiya ne, akwai nau'in "raya al'ada" da ya kamata a ƙi. Kurmin Osun na Osogbo ya shiga jerin wuraren tarihi na UNESCO a 2005 domin bautar da ake yi a cikinsa tana raye, tana da masu ita. Wanda zai kwaikwayi wannan a Kano, ya sa wa wani fata da ƙaho ya ce ga Barbushe don a ja 'yan yawon buɗe ido, ya yi ƙarya ga tarihi ya kuma tsokano fitinar da ba ta da dalili.

Amma hani a kan neman albarka a wuri daban yake da hani a kan sanin labarinsa, magabata kuma sun rarrabe su. Alƙur'ani da kansa ya ambaci Lata da Uzza da Manata a Suratun Najmi, ya ambaci gumakan mutanen Annabi Nuhu biyar da sunayensu. Hishamu ibnul Kalbi, wanda ya rasu a farkon ƙarni na 9, ya rubuta Kitabul Asnami, inda ya bi gumakan Larabawa ɗaya bayan ɗaya: ina suke, wace ƙabila ke tsaronsu, me ake yanka musu, wa ya rushe su. Misalin da ya fi dacewa da wannan batu shi ne na Albiruni. Ya zauna a ƙarƙashin daular Mahmud na Gazna, sarkin da ya fasa haikalin Somnat a 1026, amma ya koyi harshen Sanskirit, ya zauna da malaman Hindu, wajen 1030 ya kammala littafinsa a kan Indiya, har da babi na musamman a kan ziyarar wurare masu tsarki, Banaras na ciki. Ya bayyana cewa aikinsa ruwaito abin da mutanen suka yi imani da shi ne yadda yake. Ya kuma rubuta cewa hare-haren Mahmud sun kori ilimin Hindu zuwa wurare masu nisa, sun dasa ƙiyayyar Musulmi a zukata. Imaninsa bai girgiza ba, duniya kuma tana amfana da littafin shekara kusan dubu. Shi kansa marubucin Tarihin Kano daga wannan layi ya fito. Da ya ji irin tsoron da ake ji yau, da ko sunan Barbushe bai iso ba.

Masarautar Gumel tana da nata rabo a wannan muhawara, rabon da ba a cika lura da shi ba. Mangawa ne suka kafa ta a tsakiyar ƙarni na 18, ta kasance a ƙarƙashin Barno, ba ta taɓa shiga daular Sakkwato ba. A kan iyaka take tsakanin ɓangarori biyu da suka yi jayayyar ilimi mafi zafi a tarihin wannan yanki, wato wasiƙun da Shehu Laminu na Barno ya yi musaya da Muhammadu Bello, waɗanda Bello ya adana a Infaƙul Maisuri. Cibiyar jayayyar kuwa ita ce wannan batu. Sakkwato ta ce yanka ga itatuwa da duwatsu kafirci ne da ya halatta yaƙi. Shehu Laminu ya ce saɓo ne da jahilci wanda ake gyarawa da karantarwa, har ya kawo misalin wata itaciya a Dimyaɗ ta ƙasar Masar da talakawa ke yi wa irin wannan, ba wanda ya kafirta Misirawa saboda ita. Ko wane ɓangare mutum ya rinjayar, tambayar tarihi tana nan: waɗanne wurare ne ake magana a kansu, me ake yi a can, yaushe aka daina? Ƙasar da ta zauna a bakin wannan iyaka, daga Gumel zuwa Sule Tankarkar da Gagarawa da Maigatari, tana cikin wuraren da suka fi dacewa a nemi amsa.

A nan ne gaggawar take. Kano tana da dutse, dutse kuwa ba ya saruwa. Ko da gidaje sun cinye gindin Dala, yana nan yana tilasta wa mai wucewa tambaya. Birnin Kudu ma tana da zanen shanu na mutanen da a jikin duwatsun Mesa da Habuɗe. Arewacin Jigawa rairayi ne. Alamomin tarihinsa kuka ce da tsamiya da gawo, da tsohuwar rijiya, da tafki, da kufai. Kowanne a cikinsu yana iya ɓacewa a damina ɗaya ko rani ɗaya: a sare tsamiya a yi gawayi, rijiya ta rufta, a haɗe kufai da gona, yashi ya binne saura. Itatuwan da ake dasawa don tare hamada galibi darbejiya ce, wadda ita ma asalinta Indiya, Turawa suka kawo ta. Tana ba da inuwa, amma ba ta ɗauke da labarin kowa. Ga kuma iyakar da Ingila da Faransa suka shata a farkon ƙarni na 20, wadda ta bar Tumbi, inda fadar take kafin a dawo Gumel a tsakiyar ƙarni na 19, a cikin Jamhuriyar Nijar. Heinrich Barth, da ya ratsa Gumel a 1851, ya rubuta labarin kasuwarta da cinikin kanwa. Matafiyi ba ya zama har dattawa su saki jiki su gaya masa abin da ake yi a gindin kuka.

Abin kunya ne a ce har yau mai neman cikakken bayani a kan addinin Maguzawan Kano yakan fara ne da littafin Joseph Greenberg na 1946, Ba'amurken da ya zauna da su a ƙarshen shekarun 1930. Masana na gida irin su Farfesa Aliyu Muhammad Bunza sun nuna cewa Bahaushe Musulmi zai iya nazarin bori da tsafi da magani da idon ilimi, ya kuma ga abin da baƙo ba zai gani ba. Abin da ya rage shi ne a sauko da aikin zuwa matakin gunduma da ƙauye. Kwalejin Ilimi ta Gumel, da Jami'ar Sule Lamido da ke Kafin Hausa, da Jami'ar Tarayya ta Dutse suna yaye ɗalibai kowace shekara, kowanne da kundin kammalawa, da yawansu kuwa maimaicin batutuwan da aka gaji da su ne. Ɗalibi ɗaya, ƙauye ɗaya, da wayar da ke ɗaukar murya da hoto tana kuma nuna taswira, ya isa a fara.

Sai dai aikin yana son dabara. Dattijon da ya yi Hajji ba zai amsa wa yaro tambayar "ina kakanninku suke tsafi" ba, kuma yana da gaskiya. Zai amsa tambayar me ya sa ake kiran wannan gona da wannan suna, wace itaciya ce aka hana yara hawa, wace rijiya ce ba a ɗiban ruwanta da tsakar rana, ina mahauta da maƙera da mafarauta suke taruwa a da, wa ke fara shuka, me mata ke yi in ruwa ya ɗauke. Camfi shi ne tokar da tsohuwar bauta ta bari, daga toka kuma ana gane inda aka hura wuta. Buɗin daji da Guy Nicolas ya nazarta a ƙasar Maraɗi, wanda a cikinsa ake duba abin da shekara za ta kawo, ya yi kama ƙwarai da fitowar Barbushe da asuba, don haka yana da kyau a tambayi tsofaffin mafarautan yankin Gumel ko sun gaji makamancinsa. A yi hirar da harshen da mai magana ya fi sakewa da shi, Hausa ko Manganci ko Fulatanci, a rubuta yadda ya faɗa, a ɓoye sunansa in ya buƙata. Tsofaffin mata su ne ya kamata a fara da su, domin waƙoƙin daka da na roƙon ruwa a bakinsu suke, kuma su ne aka fi mantawa idan an zo neman tarihi a ƙofar dagaci. Wani ɓangare na hirarrakin kuma dole sai an ƙetare iyakar Maigatari an shiga ƙasar Damagaram, wajen Tumbi, kafin a same shi.